RA'AYI: Taswira Ɗaya Ba Ta Raba Gardama, A Tara Su Tukuna

Ƴan uwana ƴan kasuwa, na Maraɗi da Ɗan Isa da Jibiya, na Ƙonni da Illela, na Magarya da Matamai da Maigatari, har zuwa na Gaya da Kamba. Yau ina so in ɗan kauce wa maganar canjin naira da sefa da farashin wake da muka saba, in taɓo wani abu da na san da yawanku za su ce aikin wanda ya ƙoshi ne, wato tara tsofaffin taswirori. Ina roƙon a yi mani haƙuri a karanta har ƙarshe kafin a yanke mani hukunci.

Abin da ya tayar mani da wannan magana ya faru ne a damanar 2023, lokacin da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin ranar 26 ga watan Yuli, manyan motoci suka yi jerin gwano a bakin hanya, kaya na lalacewa a cikinsu. Muna zaune a rumfar wani Alhaji mai sayar da atamfa a kasuwar Maraɗi, babu ciniki sai shayi da gardama, sai wani saurayi ya miƙo wayarsa ya ce: "Baba Alhaji, ku dubi abin da aka turo mani." Hoton wata tsohuwar taswira ce ta Turawa, an shafa wa Maraɗi da Tsibiri da Madawa da Ƙonni launi ɗaya da na Katsina da Sakkwato, alamar cewa duka na Ingila ne. Nan take rumfa ta rabu biyu. Wasu suka ce ai dama an faɗa, mu asalinmu ƴan Nijeriya ne Faransa ta sace mu. Wasu suka ce ƙarya ce, da kwamfuta aka haɗa ta don a ci mana mutunci. Har wani dattijo ya tashi cikin fushi ya bar shayinsa. A cikinmu mu fiye da goma, kowa ya ƙetare wannan iyaka sau ɗaruruwa, kowa ya san sunan kowane shinge na duwan da na jandarma, amma ba a samu ko mutum ɗaya da zai iya cewa ga shekarar da aka zana taswirar ba, balle ya ce ga abin da ya biyo bayanta.

To, taswirar nan ba ta bogi ba ce, gaskiya ta faɗa, amma gaskiyar shekara shida kacal. Wanda ya riƙe ta ita kaɗai kamar mutumin da ya tsinci shafi ɗaya ne daga littafin bashi, ya ga an rubuta wane ya ɗauki buhu ashirin, bai ga shafin gaba ba inda aka rubuta ya biya. Wannan shi ne dalilin da ya sa nake cewa a tara su. Amfanin tsohuwar taswira yana fitowa ne idan aka jera ta da wadda ta riga ta da wadda ta biyo ta, kuma babu wanda ya fi mu, masu cin abinci a bakin iyaka, buƙatar wannan jeri.

Bari in ba ku labarin layin nan a taƙaice. A ranar 5 ga watan Agustan 1890 Ingila da Faransa suka yi yarjejeniya cewa iyakarsu za ta tashi daga garin Sayi a bakin Kwara ta miƙe zuwa Baruwa a bakin tafkin Cadi, da sharaɗin duk abin da yake na daular Sakkwato ya faɗa hannun kamfanin Ingilishi da ke ciniki a kogin. A lokacin babu sojan Faransa ko ɗaya a Damagaram, babu na Ingila ko ɗaya a Kano. Firayim ministan Ingila na wancan zamani, Salisbury, shi da bakinsa ya yi ba'a a kan abin, ya ce suna ta rabon duwatsu da koguna da tafkuna a tsakaninsu, abin da kawai ke ɗan ba su wahala shi ne ba su san inda waɗannan abubuwa suke ba. Sai bayan an sa hannu ne Faransa ta tura wani hafsa mai suna Monteil ya bi hanyar da ƙafarsa tsakanin 1890 da 1892, ya dawo ya shaida masu cewa ikon Sarkin Musulmi bai kai inda Ingilishi suke faɗa ba.

Daga nan aka sake zama, aka fito da yarjejeniyar 14 ga watan Yunin 1898, wadda ita ce uwar taswirar da saurayin nan ya nuna mana. Kun san yadda magini ke fitar da ɗakin kago: ya kafa turke, ya ɗaura igiya, ya zagaya yana jan layi a ƙasa. Haka aka yi. An kafa turken a birnin Sakkwato, aka ba igiyar tsawon mil 100, wato wajen kilomita 160, aka zagaya ta arewa. Duk abin da ya faɗa cikin da'irar ya zama na Ingila, har da Ƙonni da Madawa da ƙasar Arewa ta Dogon Dutsi. Daga ƙarshen da'irar kuma layin ya miƙe gabas sannan ya karyo kudu, ya bar Maraɗi da Tsibiri a gefen Ingila, Tasawa da Damagaram a gefen Faransa. A takarda abin ya yi kyau ƙwarai. A ƙasa kuwa Faransawa suka tarar an bar masu tudu babu ruwa, domin duk rijiyoyin da ayari zai sha tsakanin kogi da Damagaram suna cikin da'irar maƙwabcinsu. Abin da kowane madugu ya sani tun yana yaron ayari, cewa hanya rijiya take bi, shi ne manyan Turai suka manta, sai da raƙuma da jakuna suka tuna masu.

Nan ne labarin ya zo da abin mamaki. A ranar 8 ga watan Afrilun 1904 ƙasashen biyu suka zauna suka yi cinikin duk rigingimun da ke tsakaninsu a duniya. Faransa tana da wani tsohon haƙƙi na kamun kifi da shanya shi a gaɓar wani tsibiri mai sanyi da ake kira Niyufanlan, wanda yau yake cikin ƙasar Kanada. Ta saki wannan haƙƙi, aka biya ta da wasu ƴan tsibirai a gaban Konakiri, da wani yanki a Gambiya, da kuma turo iyakarmu kudu don ta samu hanya mai ruwa. Har aka rubuta a cikin yarjejeniyar cewa a yi la'akari da yadda ƙasashen gargajiya suke, a bar mutanen Tasawa da Maraɗi da Damagaram a hannun Faransa gwargwadon iko. Ashe ke nan kifin da kakanninmu ba su taɓa gani ba yana cikin dalilan da suka sa ɗan Ƙonni ke riƙe sefa, ɗan Illela ke riƙe naira. Aka ƙara gyara a watan Mayun 1906, sannan tsakanin 1906 da 1908 kyaftin Tilho na Faransa da manjo O'Shee na Ingila suka bi layin tun daga kogi har tafki, kimanin kilomita 1,500, suka kafa alamomi 148, aka rattaba hannu a kan aikinsu a Landan a 1910. Wannan layi na ƙarshe shi ne muke ƙetarawa yau. Da a ce taswirori huɗun nan suna rataye a bangon rumfar Alhaji a jere, da gardamar ba ta kai shayi na biyu ba.

Amma ni abin da ya fi ja mani hankali su ne taswirorin da suka riga zuwan mulkin Nasara, domin su ne ke nuna ƙasashenmu na bakin daga a lokacin da suke da ransu. Mun saba cewa Turawa ne suka raba Katsina da Maraɗi, uwa ɗaya uba ɗaya. Uwa ɗaya uba ɗaya gaskiya ne, amma rabuwar ta girmi Turawa da kusan shekara ɗari. Bayan da masu jihadi suka ci Katsina wajen 1807, suka ci Alƙalawa a 1808, sarakunan da aka kora arewa suka yi. Zuriyar Katsina ta kafu a Maraɗi ƙarƙashin Ɗan Kasawa, shi ya sa har gobe sarautar ake kiranta Sarkin Katsinan Maraɗi. Gobirawa kuma, bayan yaƙin Gawakuke na 1836 inda Sarkin Gobir Ali da Sarkin Maraɗi Rauda suka kwanta dama, sai suka gina Tsibiri. Tsohon gidan sarautar Daura ya koma Zango da Baure a inuwar Damagaram, Kabawa suka tsaya a Argungu, Damagaram ita kuma tana kallon Barno, har ta kai ga ƙera igwa a zamanin Sarki Tanimu. Tsakanin waɗannan ƙasashe da daular Sakkwato akwai iyaka ta gaske, sai dai ba layi ba ce siririya, daji ne mai faɗi wanda manomi ba ya kwana a cikinsa.

Wannan daji yana nan a cikin taswirorin tafiyar Barth, Bajamushen da ya kira kansa Abdulkarim, waɗanda wani gwanin zane mai suna Petermann ya tsara aka buga da littattafansa a 1857 da 1858. A watan Janairun 1851 Barth ya gangaro daga Azbin tare da ayarin gishiri, ya sauka Tasawa, ya wuce Gazawa, ya ratsa dajin da ke tsakaninta da Katsina cikin ɗar-ɗar, ya ga kufan Ɗankama, garin da yau ake cin kasuwa a cikinsa. Abokin tafiyarsa Overweg ya karkata ya shiga Maraɗi da ƙasar Gobir. A 1853 kuma, a hanyarsa ta zuwa Sakkwato, sai da Barth ya ratsa dajin Gundumi yini da kwana babu saukewa don tsoron mahara. Idan ka ɗora taswirar Tilho a kan ta Barth, za ka ga a wurare da dama layin 1906 ya bi tsakiyar wannan tsohon daji ne. Ban faɗi haka don in wanke Turawa ba, waɗanda suka ƙone Ƙonni a 1899 ba su wankuwa. Na faɗa ne don mu san cewa kakanninmu fatake su ma da iyaka suka yi ciniki, sun biya fito, sun kai gaisuwa fada, sun jira rakiyar mahaya, kuma duk da haka goro ya zo daga Gwanja, gishiri ya zo daga Bilma, turkuɗin Kano ya kai Agadas.

Wani zai ce, to ai duk wannan zanen Nasara ne, mene ne namu a ciki? Ni kuwa na ce kusan rabinsa namu ne. Bature ɗaya a kan raƙumi hanya ɗaya kawai zai bi, abin da ke dama da hagunsa bai gan shi ba. To ina ya samo sunayen ɗaruruwan garuruwan da ya cika takarda da su? A bakin fatake da alhazai da malamai ya same su. Barth yakan zaunar da madugu ya ce ya lissafa masa zango-zango daga Kano zuwa Salaga, ina ake kwana, ina ruwa, ina ake biyan kuɗin hanya, shi kuma yana rubutawa. Ƙarshen littattafansa cike yake da irin wannan lissafi. Haka nan tafintan ayarin Tilho, Landeroin, ya zauna da dattawan fada gari-gari ya rubuta jerin sarakunansu, har shi da Tilho suka wallafa ƙamus na Hausa. Ilimin na kakanninmu ne, tawada da takarda ne na baƙo, kuma sunan baƙon ne ya hau kai.

Akwai ma taswirar da babu mai gardamar tamu ce. A 1824 Clapperton ɗan Ingila ya sauka Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya koma gida da taswirar ƙasar Sudan da aka zana masa a fadar, da bayani cikin Larabci, aka buga ta a Landan a 1826. A cikinta an nuna Kwara ta nufi gabas wajen Masar, alhali kuwa kudu take gangarawa ta faɗa teku, kamar yadda ƴan uwan nan biyu masu suna Lander suka tabbatar a 1830. Akwai masana da ke ganin da gangan aka yi haka don kada a nuna wa jiragen Ingila ƙofar shigowa. Idan haka ne, to Sarki ya yi abin da kowannenku ke yi idan baƙo ya tambaye shi inda yake saro kaya. Ina tambaya, a cikin manyan Alhazanmu na Maraɗi da Damagaram da Tawa, waɗanda ke rataya hoton dogayen benayen Dubai a falo, mutum nawa ne suka taɓa ganin wannan taswira?

Ba na cewa duk tsohuwar taswira gaskiya take faɗa. Waɗanda aka buga a Turai tun ƙarni na 16 sun ɗauko sunayen Gobir da Kano da Katsina da Zazzau da Zamfara da Agadas daga littafin Hasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, da aka buga a 1550, suka watsa su inda suka ga dama a gefen wani kogi mai gudu yamma. Daga 1798 kuma wani mai zane ya ƙaga jerin duwatsu da ya kira duwatsun Kong, ya gindaya su tsakaninmu da teku, masu zane suka yi ta kwafar juna kusan shekara casa'in, sai da Binger ya je wurin tsakanin 1887 da 1889 ya tarar babu su. Fataken goro kuwa duk tsawon wannan lokaci suna ratsa wurin da jakunansu ba su yi tuntuɓe da dutsen ba. Saboda haka taswira haja ce, a duba ta kamar yadda ake duba haja: wa ya yi ta, yaushe, don wa, kuma me yake so a saya.

Wani dattijo da nake girmamawa ya yi mani wata suka da ta fi wannan nauyi. Ya ce: "Malam, kana son tono abin da aka binne. Ka ba yara takarda mai nuna gonar wane ta wane ce, gobe ka ji an zaro takobi." Maganarsa abin dubawa ce, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma bangonmu a ƴan shekarun nan ya sha tsagewa: Nijeriya ta rufe iyakokinta daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, an sake rufewa daga 2023 zuwa Maris na 2024, Nijar kuma ta fice daga ƙungiyar CEDEAO a Janairun 2025. Amsar da na ba shi ita ce, ai takardar ta riga ta shiga wayar yaran, ba mu muka ba su ba, kuma guda ɗaya aka zaɓa aka ba su. Maganin guda ɗaya shi ne sauran.

Ban da haka, ya kamata a san matsayin taswira a gaban shari'a. Tun a 1964 shugabannin Afirka suka amince a Alƙahira cewa kowa ya tsaya a iyakar da ya gada ranar samun ƴanci. Kotun Duniya da ke birnin Heg, a shari'ar Burkina Faso da Mali ta 1986, ta bayyana cewa taswira ita kaɗai ba ta ba kowa mallakar ƙasa, shaida ce kawai da ake aunawa, sai fa idan an haɗa ta da yarjejeniya ta zama ɓangarenta. Mutanen Gaya sun ga wannan da idonsu. A hukuncin ranar 12 ga watan Yulin 2005 tsakanin Nijar da Benin, wasiƙun kumandodin zamanin mulkin mallaka da awon zurfin kogi ne suka yi aiki, aka ba Nijar tsibirai 16 har da Lete, aka ba Benin 9. A shari'ar Nijar da Burkina Faso ta 2013 kuwa kotu ta koma ga taswirar hukumar safiyo ta Faransa ta 1960 ne saboda ƙasashen biyu da kansu sun amince tun farko a duba ta inda takardar 1927 ta gaza. Wato babu wanda zai ɗauki taswirar 1898 ya karɓe ko da kangon rumfa ɗaya a Ƙonni. Wanda ya san haka ba a tsorata shi da hoto a waya, ba a kuma zuga shi.

Yanzu bari mu zo maganar ciniki, tunda ita ce tamu. Tsofaffin taswirori kasuwa ce babba a Turai da Amurka, da dillalanta da masu gwanjonta. A 2003 babban ɗakin karatu na majalisar Amurka ya biya dalar Amurka miliyan 10 ya sayi taswirar 1507 wadda a cikinta aka fara rubuta sunan Amurka. Mutanen can suna rububin taswirorin jihohinsu na bakin daji tun suna sababbi, saboda kowa na son ganin lokacin da garinsu ya fara bayyana a takarda. Namu na ƙarni na 19 ba su kai nan ba ko kusa, da yawansu shafuka ne daga littattafai, kuma akwai waɗanda kuɗinsu bai kai na babbar wayar salula ba. Sai dai inda kuɗi yake ɓarawo na nan. A 2005 aka kama wani sanannen dillali mai suna Forbes Smiley a ɗakin karatu na jami'ar Yale bayan an tsinci ƴar reza a ƙasa, daga baya ya amsa cewa ya yanke taswirori 97 daga littattafan ɗakunan karatu. Don haka wanda zai saya ya nemi takardar da ke nuna daga ina hajar ta fito, kamar yadda ba ka sayen saniya a kara ba tare da shaidar dillali ba.

Gane ta asali kuma ba ya gagarar wanda ya iya bambanta shadda da shadda. Idan ta girmi shekarun 1800, ɗaga ta a rana, za ka ga siraran layuka a cikin jikin takardar, wani lokaci da tambarin masaƙarta. Malamanmu sun san wannan, domin tsofaffin littattafansu a kan takarda mai wata uku aka rubuta su, wadda ake kawowa daga Italiya ta hanyar Tarabulus da Masar. Shafa gefen zanen da yatsa, sau da yawa za ka ji ɗan gurbin da farantin tagulla ya bari lokacin da aka danna shi. Dubi tsakiya, yawanci akwai karin ninki inda aka ɗinke ta cikin littafi. Sa madubin mai gyaran agogo: layin asali a miƙe yake tsaf, na kwafin zamani kuwa ɗige-ɗige ne. Na ƙarshen ƙarni na 19, irin na zamanin Monteil, a kan takardar inji aka buga su, ba su da waɗancan layuka, sai a dogara da shekara da sunan maɗaba'a da ke rubuce a ƙasa. Wanda kuma ya ga takarda ta yi ja ko'ina daidai wa daida, ya shinshina, wataƙila shayi aka ba ta.

Wanda ba shi da halin sayen ta asali bai rasa komai ba. Babban ɗakin karatu na ƙasar Faransa ya zuba dubban taswirori kyauta a shafinsa na intanet mai suna Gallica, haka ma na majalisar Amurka. Ɗanka da ke lakwal zai iya sauko da su, mai buga allon talla ya buga maka babba. Ga kuma gidan adana takardun tarihi na ƙasa da cibiyar IRSH a Yamai, ga Gidan Arewa da gidan adana takardu a Kaduna, ga gidan tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato.

Abin da ba a samu a intanet shi ne wanda ke cikin adakar gidajenmu. Akwai wasiƙun madugai cikin ajami, akwai jerin zangunan hanyar Makka da ƙafa da wani kaka ya rubuta, akwai takardun izinin wucewa na zamanin kumandan da rasiɗan fatanti. Waɗannan su ne taswirorinmu, ko da babu zane a cikinsu. Masu yawon sayen kayan da suna bi gida-gida suna karɓar irinsu da jika biyu ko uku, alhali tun 1997 Nijar tana da dokar kare kayan tarihi. Wanda bai sayar ba kuma gara da ɗigon damana na ci masa. Ina roƙo da babbar murya, kada a kai su wurin masu manne takarda cikin leda da zafi kamar katin shaida, wannan kisa ne ba magani ba, kada kuma a liƙa masu salatif. A shimfiɗa su tsakanin fararen takardu masu tsabta, a ɗaga su daga ƙasa, a nisanta su da rana, a ɗauki hotonsu da waya.

Shawarata ga shugabannin ƙungiyoyin ƴan kasuwa ba mai tsada ba ce. Kowace kasuwar iyaka ta yi karo-karo a buga guda shida ko bakwai: ta Sarki Bello, ta Barth, ta layin Sayi zuwa Baruwa, ta da'irar 1898, ta Tilho, da ta 1960. A jera su a ofishin ƙungiya ko a tasha inda direbobi ke kwana jiran takardu, a rubuta shekarar kowace da manyan baƙaƙe cikin boko da ajami. Alhazan da Allah ya buɗa wa, masu zuwa Paris da Landan, su sayo na asali su ajiye wakafi a ɗakin karatu na jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo a Maraɗi ko ta André Salifou a Damagaram, a rubuta sunansu a kai kamar yadda ake rubutawa a jikin rijiya.

Ni dai na fara da kaina, kwafi biyar na buga na rataya a zaure. Makon jiya dattijon nan da ya bar shayinsa ya zo, ya daɗe tsaye gaban ta Tilho yana neman Maraɗi a kan tudu bai gan ta ba, sai da na tuna masa cewa garin a cikin gulbi yake kafin ambaliyar 1945 ta hau da shi. Da ya same ta sai ya bi hanyar Katsina da yatsa, ya tsaya a wani fili da babu rubutu, ya ce nan akwai rijiyar da mahaifinsa ke shayar da jakuna, Bature bai sa ta ba. Na ɗauko takarda dabam na rubuta sunanta na manna a gefe. Ya ce jibi zai dawo da yayansa, shi ya fi shi riƙe zangunan da ke tsakanin Madarunfa da Jibiya.